Tarihin Shiga Ƙungiyoyin Masu Kaifin Basira da Sakamakon Tsohuwar Jarrabawa

Gabatarwa

Hausawa kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ta bar abu uku ba ta fayyace ba, watau da me aka yi gwajin, yaushe aka yi shi, kuma da su wa aka gwada mutum. A kan waɗannan abubuwa uku ne wannan lacca za ta tsaya. Za ta bi tarihin wata al'ada da ta taso a Ingila, ta bunƙasa a Amurka, a cikin ƙarni na 20, watau kafa ƙungiyoyin da ba a tambayar mai neman shiga asalinsa, ko dukiyarsa, ko sana'arsa, sai dai makin da ya samu a jarrabawar auna basira, makin nan da Turawa ke taƙaita sunansa da haruffan IQ.

Mafi tsufa kuma mafi girma daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Mensa, kuma ƙofofin shigarta biyu ne. Ta farko, mutum ya zauna jarrabawar da ƙungiyar ta shirya, a gaban mai sa ido. Ta biyu, ya kawo takardar sakamakon wata jarrabawa da ya taɓa yi a makaranta, ko a aikin soja, ko a wurin masanin halayyar ɗan Adam, ko da kuwa an shekara 30 da yin ta. Ƙofa ta biyun nan ita ce abin nazari a nan. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin nauyin takardar shaida, domin da ita ake shiga makaranta, da ita ake ɗaukar aiki, da ita ake ƙarin girma. Saboda haka labarin yadda wata ƙungiya ta yi shekaru tana fama da tsofaffin takardu, tana karɓar wasu tana ƙin wasu, yana da darasi ga duk wanda aikinsa ya sa shi yanke hukunci a kan mutum bisa ga wani adadi da aka rubuta a takarda.

Asalin Ma'aunin

A shekarar 1882 gwamnatin Faransa ta wajabta ilmin firamare a kan kowane yaro daga ɗan shekara 6 zuwa 13. Da azuzuwa suka cika, sai malamai suka lura akwai yaran da karatun aji yake wuce su. A shekarar 1904 Ma'aikatar Ilmi ta kafa kwamiti don ya duba halin waɗannan yara, kuma daga cikin 'yan kwamitin akwai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alfred Binet. A 1905 Binet da wani likita, Théodore Simon, suka fito da jerin tambayoyi da ƙananan ayyuka guda 30, waɗanda aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamar faɗin sunayen abubuwa, da maimaita lambobi, da gane wanda ya fi nauyi tsakanin abubuwa biyu, da bayyana ma'anar kalma. A 1908 suka kasa tambayoyin bisa ga shekarun yaran da suka saba amsa su.

Manufar Binet ita ce a gano yaron da yake bukatar taimako don a taimake shi. Ya yi gargaɗi cewa basira ba abu ba ce da za a auna kamar tsawon yadi, kuma ya soki masu ganin cewa yadda aka haifi yaro da ita haka zai mutu da ita. Ya rasu a 1911, gargaɗin nasa kuwa bai yi nisan da jarrabawarsa ta yi ba.

A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya ba da shawarar a raba shekarun basirar yaro da shekarun haihuwarsa. A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford, a jihar Kalifoniya, ya gyara jarrabawar Binet don yaran Amurka, ya ɗauki lissafin Stern ya ninka shi sau 100. Bisa ga wannan lissafi, yaro ɗan shekara 10 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 12 makinsa 120 ne. Wannan jarrabawa ce aka sani da sunan Stanford-Binet.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya fitar da gwajin daga ɗakin likita zuwa filin taro. A 1917 da 1918, a ƙarƙashin jagorancin Robert Yerkes, rundunar sojan Amurka ta gwada mutum wajen 1,750,000, masu iya karatun Turanci da jarrabawar rubutu, waɗanda ba su iya ba kuma da ta hotuna. Ɗaya daga cikin mataimakan Yerkes, Carl Brigham, shi ne ya tsara jarrabawar neman shiga jami'a mai suna SAT, wadda aka fara yi a 1926. A Ingila kuma, bayan Dokar Ilmi ta 1944, aka riƙa gwada yara 'yan shekara 11 don a raba su zuwa makarantun sakandare iri-iri. Kafin tsakiyar ƙarnin, miliyoyin mutane a ƙasashen biyu suna da wani maki a ajiye a cikin fayil ɗin wata makaranta ko wani barikin soja, ko da su kansu ba su taɓa ganinsa ba.

Teburin Oksfod

A shekarar 1945 wasu mutane biyu suka haɗu a cikin jirgin ƙasa a Ingila. Ɗaya shi ne Roland Berrill, lauya, haifaffen Ostareliya, mai abin hannu, wanda ya yi imani da duban taurari da kuma gane halin mutum ta hanyar shafa ƙoƙon kansa. Ɗayan shi ne Lancelot Ware, masanin kimiyya wanda daga baya ya karanta aikin lauya a Jami'ar Oksfod. Ware ya nuna wa abokin tafiyarsa cewa jarrabawa ta fi shafa kai inganci, daga baya ma ya gwada shi, ya kuma shaida masa cewa makinsa yana cikin na sama. Daga wannan abota ne aka kafa ƙungiyar Mensa a garin Oksfod, ran 1 ga Oktoba, 1946.

Kalmar Mensa a harshen Latin tana nufin tebur, kuma abin nufi shi ne tebur zagayayye wanda ba shi da kai ba shi da gindi, kowa daidai yake da kowa. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne, kuma a yau shi ne: mutum ya kasance cikin kashi 2 bisa 100 na sama a wata jarrabawar basira da aka amince da ita, watau mutum ɗaya daga cikin 50. Tsarin mulkin ƙungiyar ya zayyana manufofi uku, watau gano basira da raya ta don amfanin 'yan Adam, da ƙarfafa bincike a kanta, da samar wa 'yan ƙungiya wurin cuɗanya. Ƙungiyar ba ta ɗaukar matsayi a kan siyasa ko addini.

Berrill ya so ya tara wasu irin sarakunan basira, ya kuwa ji takaici da ya ga yawancin waɗanda suka ci jarrabawar 'ya'yan talakawa ne. Wannan takaici nasa shaida ce babba a kan wani alheri na gwajin, domin kuwa takardar jarrabawa ba ta san ɗan wane ba. Bayan Berrill ya janye a farkon shekarun 1950 ƙungiyar ta kusa mutuwa, sai Victor Serebriakoff, wani ma'aikacin sana'ar katako daga Landan, ya karɓi ragamarta ya farfaɗo da ita. A 1960 Peter Sturgeon ya kafa reshen Amurka a birnin Niyok. A yau 'yan ƙungiyar sun haura 100,000 a ƙasashe da dama na duniya.

Ƙofa ta Biyu

A Amurka ne karɓar tsohon sakamako ya fi samun gindin zama, kuma dalilin a fili yake. Ƙasa ce mai faɗi, ba kowane gari ne yake da mai sa ido na ƙungiyar ba. Ga shi kuma jama'arta sun sha gwaji tun daga firamare har zuwa aikin soja da neman shiga jami'a. Babu ma'ana a sake gwada wanda aka riga aka gwada. Saboda haka reshen Amurka ya tsara jerin jarrabawowin da yake karɓa, waɗanda suka haura 100, kowace da makin da ake bukata a cikinta.

Akwai kuma waɗanda ba su da wata ƙofa sai wannan, watau ƙananan yara. Reshen Amurka ba ya gwada wanda bai kai shekara 14 ba, na Ingila kuma wanda bai kai shekara 10 da rabi ba. Duk sa'ad da jarida ta buga labarin cewa yaro ɗan shekara 2 ko 3 ya shiga Mensa, to, da takardar masanin halayyar ɗan Adam ya shiga.

Sharuɗɗan takardar irin waɗanda kowane magatakarda ya sani ne. Dole ne wanda ya yi gwajin ya zama gwani ne mai izinin yin wannan aiki, wanda ba shi da dangantaka da wanda aka gwada. Dole ne takardar ta nuna sunan jarrabawar, da ranar da aka yi ta, da cikakken makin, da sa hannun gwanin ko hatimin makarantar. In kwafi ce, sai an tabbatar da ita bisa doka. Jarrabawar da mutum ya yi shi kaɗai a intanet ba ta shiga lissafi. To, amma tabbatar da cewa takarda ba ta jabu ba ce shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana wajen gane abin da adadin da ke cikinta yake nufi, kuma ta fuska huɗu wannan wahala ta bayyana a tarihi.

Mudu Ba Ɗaya Ba Ne

Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lalle ne ya zo daidai da na waccan ba. Haka abin yake ga makin basira. Lissafin Stern na raba shekaru da shekaru yana aiki ga yara, amma ba ya aiki ga manya, domin basirar ɗan shekara 40 ba ta ninka ta ɗan shekara 20 ba. A 1939 David Wechsler, wanda yake aiki a asibitin Bellevue a Niyok, ya fito da wata hanya. Sai a gwada ɗimbin mutane tukuna, a mai da matsakaicin sakamakonsu maki 100, sa'an nan a auna nisan kowane mutum daga wannan tsakiya, idan aka gwada shi da tsararsa. Ana ƙirga wannan nisa da wani ma'auni na lissafi wanda za a iya kira zango. Wajen kashi 68 bisa 100 na jama'a suna tsakanin zango ɗaya ƙasa da tsakiya da zango ɗaya sama da ita, waɗanda suka wuce zango biyu a sama kuwa ba su fi kashi 2 da 'yan kai ba.

Matsalar ita ce masu tsara jarrabawa ba su haɗu a kan tsawon zangon ba. Wechsler ya sa shi maki 15. Stanford-Binet, da ta koma wannan hanya a 1960, ta sa shi 16, sai a bugun 2003 ta dawo 15. Wata jarrabawar Raymond Cattell da reshen Ingila ya daɗe yana amfani da ita ta sa shi 24. Zango biyu sama da 100 kuwa, a ta farko 130 ne, a ta biyu 132, a ta uku 148. Adadi uku ke nan daban-daban, alhali matsayi ɗaya suke nunawa. Mai 140 a jarrabawar Cattell bai kai ƙofar Mensa ba, mai 131 a ta Wechsler ya wuce ta. Wanda ya ce makinsa kaza ne, bai faɗi sunan jarrabawar ba, bai faɗi kome ba tukuna.

Babban misalin haɗarin tsohon lissafi shi ne na Marilyn vos Savant, marubuciya 'yar Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 littafin Guinness na abubuwan bajinta ya riƙa sa sunanta a matsayin wadda ta fi kowa maki a duniya, watau 228. Wannan adadi ya fito ne daga jarrabawar Stanford-Binet da ta yi tana yarinya a shekarun 1950. An lissafa shekarun basirarta 22 da wata 10, aka raba da shekara 10, aka ninka sau 100. A ma'aunin zango babu jarrabawar kirki da take kaiwa kusa da 228. A 1990 masu littafin suka soke wannan babi gaba ɗaya, domin sun gane makin ba abin dogara ba ne wajen fid da gwani ɗaya a duniya.

Suna Ɗaya, Jarrabawa Daban

Fuska ta biyu ita ce jarrabawa kan sake hali ta bar sunanta yadda yake. Jarrabawar SAT ta Brigham jikanyar gwajin soja ce, kuma shekaru da yawa ana ɗaukarta ma'aunin baiwa. Reshen Mensa na Amurka yana karɓar maki 1,300 ga wanda ya yi ta kafin ƙarshen Satumba na 1974, da maki 1,250 ga wanda ya yi ta daga nan zuwa 31 ga Janairu, 1994. Duk sakamakon da ya zo bayan wannan rana ba ya karɓarsa, kome yawansa.

Abin da ya faru shi ne a 1994 aka sake fasalin jarrabawar. Aka cire tambayoyin neman kishiyar kalma, aka ƙara na karanta dogon nassi, aka yarda ɗalibi ya shiga da na'urar lissafi. Kalmar da ke nufin baiwa a cikin sunan jarrabawar ma an canja ta da wata mai nufin kimantawa, daga baya hukumar da ke shirya ta ta ce haruffan ba sa wakiltar kowace kalma. Ƙungiyar ta ga cewa jarrabawar ta karkata ga auna abin da aka koya a aji, saboda haka ta fita daga jerinta. Haka aka yi wa jarrabawar ACT daga Satumba na 1989, da ta neman shiga karatun babban digiri mai suna GRE daga ƙarshen Satumba na 2001. Tsohuwar jarrabawar soja, wadda ake bukatar maki 136 a cikinta, ana karɓarta ne kawai in an yi ta kafin Oktoba na 1980.

A ɗauka wa da ƙane ne, wan ya yi SAT a 1993 ya sami 1,260, ƙanen ya yi ta a 1996 ya fi shi maki nesa ba kusa ba. Takardar wan za ta buɗe masa ƙofa, ta ƙanen kuwa ba za a ko duba ta ba. A nan tsohuwar takarda ta fi sabuwa daraja. Har wa yau akwai batun su wa suka zauna jarrabawar. Ga ta neman shiga makarantar koyon aikin lauya mai suna LSAT, ƙungiyar ta sa ƙa'idar kashi 5 na sama daga 1982, domin masu zama wannan jarrabawa zaɓaɓɓu ne tun asali, 'yan jami'a ne, kuma na biyar a cikin zaɓaɓɓu yana iya zama na biyu a cikin jama'a.

Ma'auni Yana Tsufa

Fuska ta uku wani malamin kimiyyar siyasa ne ya tono ta, James Flynn na Jami'ar Otago a ƙasar Niw Zilan. A 1984 ya nuna cewa daga 1932 zuwa 1978 sakamakon Amurkawa a jarrabawowin basira ya ƙaru da maki kusan 14. A 1987 ya nuna irin wannan ƙari a ƙasashe 14. A Holan, inda ake gwada kusan kowane saurayi ɗan shekara 18 don aikin soja, samarin 1982 sun fi na 1952 da maki wajen 20. A taƙaice, ƙarin ya kai kimanin maki 3 a kowace shekara 10. Masana sun danganta shi da yaɗuwar makaranta, da kyautatuwar abinci da lafiyar yara, da ƙanƙancewar iyali, da yawaitar ayyukan da ke bukatar irin tunanin da jarrabawa ke nema. Ba kuma abu ne mai ɗorewa har abada ba, domin a 2018 wasu masu bincike a ƙasar Nowe sun nuna cewa makin samarin da aka haifa bayan 1975 ya soma raguwa.

Tasirin wannan a kan tsohuwar takarda babba ne. Tun da yake 100 tana nufin matsakaicin mutanen da aka kafa ma'aunin a kansu, to, in jama'a suka ci gaba ma'aunin yana nan inda yake, kowa zai riƙa samun makin da ya fi matsayinsa na gaskiya. Jarrabawar Wechsler ta manya ta fito a 1955, ba a sabunta ta ba sai 1981. Da aka gwada mutane da tsohuwar da sabuwar, sai aka ga makinsu a tsohuwar ya ɗara da wajen 7 ko 8. Watau wanda ya sami 130 a 1980 da ma'aunin 1955, da ya jira shekara guda wataƙila da 122 ko 123 zai tashi, ƙofa ta rufe masa. Abin lura a nan shi ne ba tsufan takardar ne aibi ba. Wanda aka gwada a 1956 da ma'aunin 1955 an gwada shi daidai da tsararsa. Abin dubawa shi ne shekarun ma'aunin a ranar da aka yi gwajin.

Yaron Jiya da Dattijon Yau

Fuska ta huɗu ita ce mutumin kansa. In Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shin makin yaro yana nuna basirar dattijon da zai zama? Amsa mafi ƙarfi daga Sikotilan ta fito. Ran 1 ga Yuni, 1932, aka gwada kusan dukkan yaran ƙasar da aka haifa a 1921, su 87,498, da jarrabawa ɗaya a rana ɗaya. Takardun suka yi shekaru a ajiye har Ian Deary da Lawrence Whalley suka gano su. Ran 1 ga Yuni, 1998, suka tara mutum 101 daga cikin yaran nan a garin Aberdeen, suna da shekara 77, suka sake ba su jarrabawar. A ma'aunin dacewa, wanda sifiri ke nufin babu dangantaka, 1 kuma ke nufin cikakkiyar dacewa, sakamakon biyu ya dace da 0.63. Wannan ya nuna tsohuwar takarda ba shirme ba ce, domin bayan shekara 66 galibin na sama suna sama. Ya kuma nuna cewa mutane da yawa sun hau, wasu sun sauka.

Masana sun kuma tabbatar cewa makin ƙaramin yaro, musamman wanda bai isa shiga makaranta ba, ya fi na babba saurin canjawa, kuma wanda ya sami maki mai tsananin yawa a gwaji ɗaya, galibi yakan ɗan komo wajen tsakiya a gwaji na biyu. Mensa kuwa ba ta sake gwada wanda ya riga ya shiga. Sa'an nan wanda yake da takardu biyar, mafi kyawunsu zai kawo, saboda haka a lissafi waɗanda za su iya wuce ƙofar ta wata jarrabawa ko wata sun fi kashi 2 bisa 100.

Terman da kansa ya ga iyakar ma'auninsa. A 1921 ya zaɓi yara wajen 1,500 a Kalifoniya, galibinsu masu maki 140 ko fiye, aka bi rayuwarsu har tsufa. Da yawansu sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, amma babu ko ɗaya da ya sami lambar Nobel. William Shockley kuwa, wanda aka gwada yana yaro makinsa bai kai ba, ya sami wannan lamba a fannin kimiyyar fiziks a 1956, tare da abokan aikinsa biyu.

Inda Ma'auni Ya Ƙare

Da Mensa ta yi yawa, sai wasu suka ga mutum ɗaya cikin 50 bai isa abin alfahari ba. A 1966 aka kafa Intertel don kashi 1 bisa 100. A 1978 aka kafa Triple Nine don mutum ɗaya cikin 1,000, watau maki 146 a ma'aunin Wechsler. A 1982 Ronald Hoeflin ya kafa Prometheus don mutum ɗaya cikin 30,000, da Mega don mutum ɗaya cikin miliyan. To, jarrabawar Wechsler ta manya, bugun 2008, a kan mutum 2,200 aka kafa ma'auninta, kuma makinta a 160 ya tsaya. Ba shi yiwuwa a gane gwanin miliyan da ma'aunin da aka kafa a kan mutum dubu biyu. Don haka Hoeflin ya tsara tasa jarrabawar mai tsananin wuya, wadda mujallar Omni ta buga a 1985, mutum ya yi ta a gida ba mai sa ido ba ƙayyadadden lokaci. Daga baya amsoshinta suka bazu, aka daina karɓar sabon sakamakonta.

Ko a tsakiyar ma'auni akwai kuskuren awo. Jarrabawa mafi inganci tana iya kauce wa gaskiya da maki wajen 5 sama ko ƙasa, saboda haka bambancin mai 129 da mai 130 bambancin sa'ar rana ce. A ƙofar ƙungiya wannan kuskure bai wuce ɓacin rai ba, amma a ɗaya gefen ma'aunin ya taɓa zama batun rai da mutuwa. A 2002 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana zartar da hukuncin kisa a kan mai naƙasar ƙwaƙwalwa. Jihar Fulorida ta ce ba za ta saurari wannan uzuri ba sai makin mutum bai wuce 70 ba. Wani fursuna, Freddie Lee Hall, yana da sakamakon da ya nuna 71. A 2014 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke wannan ƙa'ida, bisa hujjar cewa makin basira yana nuna tsakanin kaza da kaza ne, kuma ba daidai ba ne a rataya ran mutum a kan maki ɗaya.

Kammalawa

Daga ajin yaran Faris na 1905 zuwa teburin Oksfod na 1946, har zuwa zauren kotu na 2014, abu ɗaya ne tarihin nan yake ta nanatawa. Makin basira matsayi ne da mutum ya samu a cikin wasu mutane, a wata jarrabawa, a wata rana. Yana da amfani na gaske, domin ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da Berrill bai yi niyyar buɗe musu ba, kuma yaran Sikotilan sun nuna cewa yana riƙe da wani abu na gaskiya har tsufa. Amma in aka raba shi da sunan jarrabawarsa, da ranarta, da shekarun ma'auninta, da mutanen da aka kafa ta a kansu, ya zama lamba kawai.

Jerin ranaku da makin da ƙungiyar Mensa ta tara cikin shekaru, wannan a karɓa, wannan a ƙi, wannan sai in kafin shekara kaza aka yi ta, shaida ce cewa ko waɗanda suka gina ƙungiyarsu kacokan a kan adadi ɗaya sun koyi yi wa adadin tambayoyi kafin su gaskata shi. Ɗalibin da zai riƙe takardar shaida gobe, da ma'aikacin da za a ajiye wa takardun mutane a kan teburinsa, tambayoyin nan uku su ne nasu: da me aka gwada, yaushe aka gwada, kuma da su wa aka gwada.